Ku Tambaya Mu Amsa: Fantastic Four, tun lokacin da ko yunifom ba su da shi

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan Fantastic Four suke, wato jaruman nan huɗu na komik ɗin kamfanin Marvel na Amurka, shi ya sa na ce bari kawai in haɗa su wuri ɗaya in amsa. Wanda bai ga tasa tambayar ba ya yi haƙuri, ba raini ba ne, wasu sun yi kama da juna ne sai na ɗauki ɗaya.

Malam don Allah ka raba mana gardama. Ni da abokina mun kusa ɓatawa, shi ya dage wai Avengers ne ƙungiyar farko ta Marvel tunda su aka fi sani, ni kuma na ce Fantastic Four ne. Waye da gaskiya? Kuma wai ta yaya ma suka samu ƙarfinsu?

Ƙanena kai ne da gaskiya, je ka gaya masa na ce ya sauko. Fantastic Four lamba ta 1 tana ɗauke da watan Nuwamba 1961 a bangonta, duk da tun Agusta ta shiga kasuwa, haka al'adar komik ɗin Amurka take, watan da ke bango kullum yana gaba. Senti 10 ake sayar da ita lokacin. Avengers kuwa sai Satumba 1963 suka fito, wata ɗaya da X-Men, kaga kusan shekara biyu kenan tsakani. Shi kansa Spider-Man ƙanin Fantastic Four ne, 1962 ya zo. Abin da ya ruɗi abokinka finafinai ne, su suka ɗaga Avengers sama, amma a takarda daga kan waɗannan huɗun aka kafa duk duniyar Marvel da ka sani yau. Stan Lee ne ya rubuta, Jack Kirby ya zana, kuma Stan ya sha faɗa cewa mai kamfanin Martin Goodman ne ya ga Justice League na kamfanin DC, wanda ya fara fitowa a 1960, yana ciniki sai ya ce su ma a yi musu ƙungiya.

Batun ƙarfin kuwa, ka tuna shekarar da ake ciki. A Afrilun 1961 ne Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya zagaya duniya a kumbo, Amurkawa duk hankalinsu ya tashi an riga su. Toh a cikin labarin ma haka ne, Reed Richards masanin kimiyya ya ƙera kumbo kuma ya ƙosa ya tashi kafin 'yan kwaminis su riga shi, abokinsa Ben Grimm wanda shi ne matuƙin ya ce a dakata tukuna, ba a gama nazarin wani haske mai ratsa jiki da ke sararin samaniya ba, sai budurwar Reed ɗin, Sue Storm, ta ce masa matsoraci, shi kuma zuciya ta ɗebe shi ya ce a tafi. Suka lallaɓa da dare suka wuce mai gadi su huɗu har da ƙanin Sue, Johnny, yaro matashi wanda har yau ban ga dalilin da ya sa aka tafi da shi ba in ban da ya ce duk inda yayarsa za ta sai ya bi. Hasken ya ratsa kumbon, suka faɗo ƙasa, suna fitowa Sue ta fara ɓacewa kamar mai layar zana, Ben ya kumbura ya koma wani dodo ruwan lemo, kuma abu na farko da ya yi da sabon ƙarfin nasa shi ne ya tumɓuke bishiya ya kai wa Reed duka, jikin Reed ya miƙe kamar roba ya naɗe shi, Johnny kuma da ransa ya ɓaci sai ya kama da wuta ya tashi sama.

Ka lura da wannan wurin fa, don shi ne duk sirrin abin. Minti biyar da samun baiwa faɗa suka fara da junansu. A wancan zamanin jaruman komik ba sa haka, kowa mai ladabi ne mai murmushi, in ka rufe hotunan ka karanta maganarsu kawai ba za ka gane wa ke magana ba. Su waɗannan kuwa irin zaman gida ɗaya suke, zo mu zauna zo mu saɓa, Ben yana jin haushin Reed don shi ya jawo masa wannan halitta, Johnny ba ya da aiki sai tsokanar Ben. Ukun sun samu abin alfahari, shi Ben ya samu abin da yara ke gudu in sun gan shi a titi, sai ya sa ƙatuwar kwat da hula da baƙin tabarau kafin ya fita. Bos ɗinsu na farko ma, Mole Man, wani ɗan guntun mutum ne da mutane suka yi ta yi wa dariya saboda muninsa har ya gudu ƙarƙashin ƙasa ya zama sarkin dodanni.

Ranka ya daɗe, wani ya ce min wai akwai inda suka mayar da baƙin halittu shanu. Da gaske ne ko zolayata yake?

Wallahi da gaske ne, kuma a lamba ta 2 ne ma. Skrulls ake kiransu, korayen halittu daga wata duniya masu iya rikiɗa su zama duk abin da suka ga dama. Huɗu daga cikinsu suka rikiɗe suka zama Fantastic Four suka yi ta ɓarna don a ɓata musu suna, har sojoji suka kama na gaskiyar suka kulle. Da suka kuɓuta suka kama 'yan sojan gonan, sai su ma suka rama da irin dabarar, suka hau zuwa babban jirgin Skrulls da ke jira a sama suna cewa su ne 'yan leƙen asirin da aka turo, Reed ya fito da hotunan dodanni ya nuna wa kwamandan ya ce ga irin mayaƙan da duniyar nan take da su gara a haƙura. Hotunan nan kuwa yanko su ya yi daga Strange Tales da Journey into Mystery, wato wasu komik na kamfanin Marvel ɗin kansa! Kwamanda ya tsorata ya juya da rundunarsa, har lambar yabo ya bayar. Sauran ukun da suka rage a ƙasa kuma Reed ya sa suka rikiɗe suka zama shanu sannan ya shafe musu tunani suka manta ko su waye, hoton ƙarshe ga su nan suna kiwo a fili hankali kwance. Bayan kusan shekara goma, a 1971, wani marubucin Roy Thomas ya tuno da shanun nan ya dawo da su a cikin Avengers.

Ni dai ba zan ce maka labarin yana da kan gado ba, amma in ka karanta ba ka yi dariya ba ka zo ka same ni.

Yaya, na ga hoton bangon farko a intanet duk suna sanye da kayan gida, ba shuɗin kayan nan mai lamba 4. Me ya faru?

Ƙanwata idonki ya gani daidai. Lamba ta 1 da ta 2 babu yunifom, babu rufe fuska, babu ɓoye suna, kowa ya san su waye. Bangon farkon ma in kin duba dodon da ke ɓullowa daga ƙarƙashin titi ya fi su girma a hoton, don a lokacin labaran dodanni ne abincin kamfanin, sai abin ya fito rabi labarin dodo rabi na jarumai. Sai a lamba ta 3, Maris 1962, Sue ta ɗinka musu shuɗin kayan, a nan ne kuma aka fara nuna hedikwatarsu a saman wani dogon bene, wanda aka sani da Baxter Building a New York, da motarsu mai tashi wadda masu karatu suka yi ta yi wa ba'a wai ta yi kama da bahon wanka har sai da aka sauya mata fasali. Shi Ben har da hular kwano aka yi masa mai rufe fuska duka, bai ko gama lambar da ita ba ya cire ya yar ya yage rigar, daga nan ya koma ɗan gajeren wandonsa. Kuma a ƙarshen wannan lambar Johnny ya yi fushi ya bar ƙungiyar, fitowa uku kacal da farawa.

Fushin nan nasa ne ya haifar da lamba ta 4 wadda ni a wurina tana cikin mafi daɗi. Ya je ya ɓuya a wani gidan kwanan marasa galihu a unguwar Bowery, ya tarar da wani mai ƙasumba buya-buya da ya manta ko shi waye amma yana watsar da ƙarti kamar ba komai ba, sai Johnny ya kunna wuta a ɗan yatsansa ya yi masa aski da ita, fuska na bayyana sai ga Namor, yariman ƙarƙashin teku, tsohon jarumin da Bill Everett ya ƙirƙira tun 1939 aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya ɗauke shi ya jefa a teku don tunaninsa ya dawo, ya kuwa dawo, ya je ya tarar gwajin makaman nukiliya ya rushe garinsu, ya fito ya ce shi da 'yan Adam sai yaƙi. Taimako ya zama jidali kenan. Ga shi kuma yana ganin Sue ya ce ya ga matar aure, ita ma ba za a ce ba ta ɗan ji wani abu ba, an ɗauki shekaru ana jan wannan.

Malam gaskiya ni abin da ke ba ni haushi da tsofaffin nan shi ne Sue. Kullum sai dai a sace ta a zo a cece ta. Haka ake yi da mata a lokacin ko ni ce ban fahimta ba?

'Yar'uwa kin fahimta sarai, ba zan kare su ba. Namor ya ɗauke ta, Doctor Doom babban maƙiyinsu ya yi garkuwa da ita, ƙarfin da aka ba ta na ɓacewa ne kawai, wato na ɓuya, ga ta babbar mace amma sunanta Invisible Girl, yarinya. Kuma ba ke kika fara ƙorafin ba, masu karatu na lokacin ma sun yi ta rubuto wasiƙu, wasu ma cewa suke a cire ta ba ta da amfani. A lamba ta 11, Fabrairu 1963, sai aka sa su huɗun suna karanta irin waɗannan wasiƙu a cikin labarin, Sue ta fashe da kuka, Reed ya tashi zai kare ta, kin san me ya kawo? Misalin mahaifiyar Abraham Lincoln, wai ita ma ba ta je fagen fama ba amma ita ta yi tarbiyyar babban mutum. Haba. Kariyar da ta fi zagin ciwo.

Abin mamakin shi ne suna da hujjar da ta fi wannan, don a lamba ta 5 da Doom ya kulle mazan uku a ɗakin da iska ke ƙarewa ita ce ta lallaɓa ba a ganinta ta ɓata masa na'ura ta buɗe su. Gyaran gaske sai a lamba ta 22, Janairu 1964, da aka ba ta ikon yin katangar da ba a gani wadda harsashi ba ya hudawa, da ikon ɓatar da wasu abubuwan ba kanta kaɗai ba, wanda daga baya marubuta suka gane ai da wannan ta fi sauran ukun haɗari. Sunan kuwa sai 1985 John Byrne ya mayar da shi Invisible Woman, bayan ta yi aure a 1965 ta haifi ɗanta Franklin a 1968, shekara da shekaru tana uwa ana ce mata yarinya.

Doctor Doom fa, tun farko haka yake da kwarjini?

Kwarjinin akwai, amma aikin da ya fara sa su sai ka riƙe baki. Lamba ta 5, Yuli 1962, ya zo da jirgi mai saukar ungulu ya lulluɓe benensu da raga, ya riƙe Sue, ya ce sauran su hau na'urarsa mai mayar da mutum zamanin da su kwaso masa akwatin dukiyar Blackbeard, shahararren ɗan fashin teku. Suka je, aka manna wa Ben gemun ƙarya da ƙyallen rufe ido ɗaya don ya saje, ya yi ta dukan 'yan fashi har suka ɗaga shi suna kiransa Blackbeard, ashe shi ne ma Blackbeard ɗin da tarihi ke faɗa. Wurin da ya taɓa ni shi ne da Ben ya ce shi ba zai koma ba, a nan ana girmama shi a matsayin mutum, a can kuwa dodo ne, har ya sa aka ɗaure abokansa, sai da guguwa ta farfasa jirgin ya dawo hayyacinsa yana ba da haƙuri. Reed kuma ya zubar da dukiyar ya cika akwatin da sarƙoƙi, tunda akwati aka ce a kawo. Labarin asalin Doom da ƙasarsa Latveria sai a fitowa ta musamman ta shekara-shekara ta 1964 aka ba da shi cikakke, abin da aka faɗa da farko kawai shi ne tare suka yi jami'a da Reed, wani gwaji ya fashe ya lalata masa fuska.

Tunda ana maganar abin da ba a saba gani ba bari in cusa lamba ta 9 ko da ba a tambaya ba. Reed mai ƙwaƙwalwar nan ya zuba kuɗinsu a kasuwar hannun jari ta karye, masu bin bashi suka yi musu caa, aka fara sayar da kayansu, ba su da ko kuɗin mota sai tsayawa suka yi bakin hanya suna tare motoci har Hollywood don an yi musu tayin fim, suna isa suka tarar mai kamfanin fim ɗin Namor ne zaune cikin kwat. Ka taɓa jin an kori Superman daga gida saboda bashi? Shi ma Spider-Man a lambarsa ta 1 a 1963 ya je neman shiga ƙungiyar don ya samu albashi, da aka ce masa ba a biyan ko sisi ya fice ta taga.

Malam tsakanin Stan Lee da Jack Kirby wa ya ƙirƙire su tsakani da Allah?

Kai ɗan'uwa ka taɓo inda ake faɗa har gobe. Yadda suke aiki shi ya kawo rikicin, ba wai Stan ya rubuta komai daki-daki ya miƙa ba ne, sukan tattauna labarin a taƙaice ko ya ba da 'yar takarda, Kirby ya tafi gida ya zana shafukan gaba ɗaya, shi ke yanke me zai faru a kowane hoto har yana rubuta bayani a gefen takarda, sannan Stan ya zo ya sa maganganu a bakin mutane. Toh a irin wannan wa za ka kira marubuci? Kowannensu daga baya ya ce shi ne ya kawo tunanin. Masu goyon bayan Kirby suna nuna Challengers of the Unknown da ya yi wa DC a 1957, mutum huɗu da suka tsira daga haɗarin jirgi suka zama ƙungiya, kamar ta yi yawa. Masu goyon bayan Stan kuma su ce karanta abin da Kirby ya rubuta shi kaɗai ka ji ko bakin Ben da Johnny zai fito haka.

Ra'ayina, tunda ka tambaya, Kirby aka fi tauyewa. Shi Ben Grimm ma kusan Kirby ne da kansa, ɗan unguwar talakawa ta Lower East Side a New York mai sigari a baki da saurin fushi. Kirby ya zana lamba 102 a jere ban da na shekara-shekara, ya bar Marvel a 1970 ya koma DC ransa a ɓace, ya rasu a 1994, sai a 2014 iyalansa da kamfanin suka sasanta shari'arsu. Amma kuma wanda ya ce Stan bai yi komai ba shi ma ya yi son kai, barkwancin nan da yadda yake hira da masu karatu a shafin wasiƙu kamar abokansa nasa ne.

In mutum zai fara karantawa daga ina ya kamata ya kama? Kuma gaskiya ne a cikinsu Black Panther ya fara fitowa?

Gaskiya ne, lamba ta 52, Yuli 1966, watanni kafin a kafa jam'iyyar Black Panther ta Amurka a Oktoban shekarar, don haka ba daga ita aka samo sunan ba. T'Challa, wato shi Black Panther ɗin, ya aiko musu kyautar jirgi ya gayyace su ƙasarsa Wakanda, suna sauka ya hau farautarsu ɗaya bayan ɗaya don ya gwada ƙarfinsa kafin ya tunkari maƙiyinsa Klaw.

Wurin farawa kuwa, in kana da haƙuri fara daga 1, goman farko zanen da ɗan kaushi kuma surutu ya yi yawa, amma a nan za ka san su. In ba ka da shi tsallaka zuwa 44 inda Joe Sinnott ya zauna a matsayin mai bin zanen Kirby da tawada, daga nan zuwa 53 ba na jin akwai wani jerin komik da ya zubo sababbin abubuwa haka a ƙasa da shekara ɗaya, Inhumans, wata ɓoyayyiyar al'umma mai ƙarfin ban mamaki, sai Galactus mai cinye duniyoyi a 48 zuwa 50, sai 51 labarin wani masani mai hassada da ya sace siffar Ben don ya hallaka Reed ya ƙare da ba da ransa ya cece shi, sai Black Panther. Shi Silver Surfer ɗan aiken Galactus ma Stan da bakinsa ya ce ba ya cikin abin da suka tattauna, kawai ya buɗe shafukan ya ga wani mutum a kan allon hawa igiyar ruwa yana yawo a sama, Kirby ya ce ai mai girma irin Galactus dole ya kasance da ɗan aike mai share masa hanya. Kuma ba da duka aka ci Galactus ba, Alicia makauniyar budurwar Ben ce ta yi wa Surfer magana har ya juya wa ubangidansa baya, Watcher kuma, wani baƙon halitta mai sa ido kan duniya, ya tura Johnny can wata uwa duniya ya ɗauko ɗan ƙaramin makamin da Galactus ke tsoro. In ka kai lamba ta 49 ka duba wurin da Galactus ke saman benensu yana harhaɗa injin da zai shanye duniya, Johnny ya shigo a fusace ya tarar Reed yana aske gemu Ben kuma yana kwance cikin bahon wanka.

Ba sai ka nemi na asali ba, waɗannan sai masu tara kayan tarihi da manyan kuɗi. An sake buga su a jerin Marvel Masterworks da Epic Collection, suna kuma cikin manhajar Marvel Unlimited. Masu tambaya kan X-Men na farko ku ƙara haƙuri, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.